Ajiyar ruwan cin jan ƙarfe da ɗumama shi: wace hanya ce ba ta da haɗari?

Ɗalibi daga Nima:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu wannan sana'a. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin lantarki, ina zaune a Nima cikin birnin Akra, kuma wata huɗu ke nan da na fara haɗa allunan da'irar lantarki da hannuna, waɗanda masu gyara ke kira fanel. Ina buga zanen layukan da firintar lesa a kan takarda mai sheƙi, in kifa ta a fuskar allon mai jan ƙarfe, in danne da dutsen guga har tawadar ta manne, sannan in jiƙa takardar in murje ta, in tsoma allon cikin ruwan sinadarin ferik kulorayid domin ya cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba. Allunan da sauran ƙananan kaya a Zongo Lane nake sayo su, sinadarin kuwa wani abokin karatuna ne ya ɗibar mini, dunƙule-dunƙule ne masu ruwan ɗorawa, na narka su a ruwa.

Abubuwa biyu ne suka same ni, kuma su suka sa na zo neman shawara. Na farko, na zuba ragowar ruwan a gorar ruwan sha, na ajiye ta cikin akwatin kayan aikina. Bayan mako uku da na buɗe akwatin, na tarar filaya da sukudireba da siraran ƙarafan huji duk sun yi tsatsa ja wur, alhali gorar ba ta zube ba. Na biyu ya fi tayar mini da hankali. A wani dare cikin watan Agusta, da garin ya yi sanyi, allo ɗaya ya haura minti 40 a cikin ruwan bai gama ba, kuma da na ciro shi sai na ga siraran layukan sun zaizaye daga gefe. Na ji ana cewa ruwan ya fi aiki idan yana da ɗumi, don haka na juye shi a wata ƙaramar tukunyar alminiyam da aka daina girki da ita, na ɗora a kan kurfoti. Ko minti ɗaya ba a yi ba ruwan ya fara kumfa yana tasowa, wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya cika wurin, kuma ko da na sauke tukunyar bai daina tafarfasa ba. Da ya lafa, na ga wata jar laka a kwance, gindin tukunyar kuma ya yi rami-rami.

Gidanmu gidan haya ne mai jama'a da yawa, yara suna shiga ko'ina, ƙannena biyu kuma ɗaki ɗaya muke kwana da su. Ina roƙon ku ku nuna mini irin mazubin da ya dace a ajiye wannan ruwa, da wurin da ya kamata a ajiye shi, da kuma yadda ake ɗumama shi ba tare da an jefa kai ko maƙwabta cikin haɗari ba. Allah Ya saka da alheri.

Mai gyaran rediyo, Sabon Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gode wa Allah da ruwan bai fantsamar maka a ido ba, domin abin da ka yi yana cikin manyan kurakuran da ake yi da wannan sinadari. Aikin ferik kulorayid shi ne cin ƙarfe, kuma bai san bambanci tsakanin jan ƙarfen allonka da tukunyarka ba. Alminiyam ma ya fi masa sauƙin ci, kuma yayin da yake cin sa yana haifar da zafi da kansa, yana sakin iskar haidurojin mai kama wuta, kai kuma ga garwashi a ƙarƙashi. Wannan ne dalilin da ya sa tafarfasar ba ta tsaya ba bayan ka sauke. Jar lakar da ka gani jan ƙarfen allunanka na baya ne da ya narke a cikin ruwan, alminiyam ya kore shi ya dawo ya kwanta. Kada ka yaudaru da kwanon da ake cewa ba ya tsatsa, shi ma sinadarin yana huda shi, haka nan baƙin ƙarfe da tagulla. Ko cokalin da za ka motsa ruwan da shi ya zama na roba ko tsinken itace.

Ƙa'idar ɗumamawa ɗaya ce tun da na fara wannan aiki: wuta ba ta taɓa mazubin sinadari, ruwan zafi ne ke ɗumama shi. Ka samu robobi biyu, babba da ƙarama. Ƙaramar ita ce ta sinadari, ta zama mai faɗin da allonka zai kwanta a ciki, kuma ka duba gindinta ka ga alamar kusurwa uku mai lamba 5 ko lamba 2 a tsakiya, domin waɗannan su ne robobin da ke jure zafi da sinadari. Babbar kuma ita ce ta ruwan zafi. Ka tafasa ruwa a wani wuri dabam, nesa da wurin aikinka, ka zuba kofi ɗaya na tafasasshe a kan kofi biyu na ruwan famfo. Da irin ɗumin ruwan famfonmu na Akra, wannan haɗin zai ba ka kusan digiri 50 a ma'aunin Salshiyas. Sai ka zuba sinadarin a ƙaramar robar, zurfin yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa, ka ɗora ta a kan ruwan zafin, ka ba ta kamar minti 5 kafin ka saka allo. Sinadarin zai tsaya tsakanin digiri 40 zuwa 45, wanda shi ne abin da ake nema.

Kada ka wuce digiri 50. Daga nan zuwa sama tururin asid yana ƙaruwa sosai, shi ne warin da ya shaƙe ka, sannan tawadar firinta tana yin laushi ta fara ɗagowa daga gefe, ruwan ya bi ta ƙarƙashinta ya ci layin da kake son tsarewa. Na sha ganin allon da aka lalata da zafi fiye da wanda aka lalata da sanyi. Idan za ka sayi ma'aunin zafi, ka nemi na gilashi, domin mai bakin ƙarfe irin na girki kwana kaɗan zai yi. Idan babu, ka tsoma ma'aunin a ruwan babbar robar kawai, ba a cikin sinadarin ba.

Ka yi aikin a waje ko a bakin taga, ka sa safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, ka sa tsohuwar riga, domin tabon wannan ruwa ba ya fita daga tufa da sabulu. Kuma lokacin da yara ke makaranta ya fi dare dacewa.

Malamar kimiyya, Madina:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan ɗumamawa, ba ni da abin ƙarawa. Ni batun ajiyar ne ya fi damuna, musamman da ka ambaci gorar ruwan sha da ƙannenka biyu.

Ka dubi launin ruwan nan da kyau. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai duhu, kuma a cikin gorar ruwan sha babu abin da ya bambanta shi da asana ko ruwan tsamiya da ake ɗurawa a irin waɗannan gorunan ana sayarwa a unguwanninmu. Yaro ɗan shekara uku ba zai tsaya sunsunawa ba. Sinadarin yana ƙona baki da maƙogwaro da ciki, bayan haka kuma ƙarfen da ke cikinsa guba ne ga hanta idan ya yi yawa a jiki, kuma jikin yaro ƙarami abu kaɗan ke masa yawa. Saboda haka ina roƙonka, yau ɗin nan, kafin ka sake taɓa wani allo, ka fitar da shi daga wannan gorar.

Mazubin da ya dace shi ne jarka ko gora mai kauri ta roba mai lamba 2, irin wadda ake sayar da sinadarai a ciki, da murfin roba mai zare wanda ke rufuwa gam. Ka leƙa cikin murfin, idan akwai faifan ƙarfe ko takardar alminiyam mai ƙyalli ka cire ta, in ba haka ba ruwan zai cinye ta ya fara yoyo. Kwalbar gilashi ma sinadarin ba ya cin ta, amma tana fashewa, kuma murfin mafi yawan kwalabe na ƙarfe ne, don haka a gida mai yara ban ba da shawarar ta ba. Gorar ruwan sha mai lamba 1 siririya ce, tana lanƙwashewa idan ta ji ruwan zafi, murfinta kuma ba a yi shi don a yi ta buɗewa ana rufewa ba. Kada ka cika jarkar har baki, ka bar wuri kaɗan a sama. Ka rubuta sunan sinadarin da kalmar GUBA da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, da ranar da ka haɗa shi, ka lulluɓe rubutun da farin salatif don kada ya goge. Sannan ka saka jarkar cikin wani bokitin roba mai murfi, ta yadda ko ta yi yoyo a cikin bokitin zai tsaya, ka ajiye a wurin da ake sa wa kwaɗo, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da abinci ba, ba kuma inda rana ke duka ba.

Tsatsar da ka gani a kayan aikinka ba abin mamaki ba ce. Ruwan ferik kulorayid yana da asid a cikinsa, kuma kullum yana sakin ɗan tururin asid ɗin haidurokulorik, wanda ke fita ta murfin da bai rufu sosai ba ko daga ɗigon da ya bushe a wuyan gora. A cikin rufaffen akwati, ga kuma laimar iskar bakin teku, mako uku ya isa ya lalata duk wani ƙarfe da ke wurin. Ka riƙa goge wuyan jarkar bayan kowace zubawa, ka yi amfani da mazurarin roba, kuma kada mitarka ta auna lantarki da kwamfutarka su zauna kusa da ita.

Idan akwai ragowar dunƙulen da ba ka narka ba, su ma ka rufe su gam, domin suna zuƙar ruwa daga iska har su narke da kansu su zama ruwa a cikin leda. Irin da ka samu mai ruwan ɗorawa shi ne mai sauƙin sha'ani. Akwai wani iri, baƙin gari, wanda babu ruwa a cikinsa ko kaɗan, shi kuwa yana yin zafi ƙwarai idan ya haɗu da ruwa. Ko wanne ka samu, sinadarin ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, ba a zuba ruwa a kan sinadari.

Ka kuma sanar da manyan gidan abin da za a yi idan tsautsayi ya faru. Idan ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. Idan ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai, kada kuma a ɗura masa manja kamar yadda aka saba yi a gidajenmu, domin amai yana sake ƙona hanyar da ruwan ya bi, manjan kuma yana iya faɗawa huhu. A kuskure masa baki, a ɗauki jarkar a tafi da shi asibiti nan take, ko a kira 112. Asibitin Mamobi yana kusa da ku. Ko da yaron ya nuna kamar ya warware bayan 'yan sa'o'i, kada a fasa zuwa, domin gubar ƙarfe takan lafa na wani lokaci sannan ta dawo da ƙarfi.

Saura ruwan da ya lalace a tukunyar. Kada ka juye shi a kwata. Duk abin da ya shiga babbar kwatar Nima yana gangarawa ne zuwa kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle, sannan teku, kuma narkakken jan ƙarfe yana kashe kifi da sauran halittun ruwa ko da kaɗan ne. Ka juye shi a babban bokitin roba, ka riƙa barbaɗa masa bekin soda ko dakakkiyar kanwa kaɗan-kaɗan, a waje. Zai yi kumfa sosai, don haka bokitin ya ninka yawan ruwan sau da yawa. Ka ci gaba har kumfar ta daina tashi, ka bar shi ya kwana, laka za ta kwanta a ƙasa kuma a cikinta ƙarafan suke. Ka bar ta ta bushe a rufaffen wuri, ka tara ta a roba mai murfi, ka tuntuɓi hukumar kare muhalli ta EPA a kan inda ake karɓar irin wannan shara. Gana ta kafa dokar shara mai haɗari da sharar kayan lantarki a shekarar 2016, wato doka mai lamba 917, kuma ƙanƙantar aikinka ba ta sauya abin da jan ƙarfe ke yi wa ruwa ba.

Injiniya daga Asawase, Kumasi:

Ina gaida Baba da Malama, kuma na yarda da duk abin da suka faɗa game da mazubi da tsaro. Amma da izinin Baba, ina ganin an ba ɗumamawa muhimmancin da ya wuce nata a ƙasa irin tamu. Shawarar ɗumama ruwan ta fito ne daga ƙasashen Turai da Amurka, inda ɗakin aiki yakan sauka ƙasa da digiri 15 a lokacin sanyi. A Akra da rana muna kusan digiri 30 a mafi yawan watanni, ko a nan Kumasi ma sai da asubahin hunturu ake jin sanyin kirki. Ruwan da ke digiri 30 ya riga ya yi rabin tafiya.

Ɗan'uwa, ina kyautata zaton abin da ya ja maka minti 40 ba sanyi kaɗai ba ne. Kaurin jan ƙarfen da ke kan allo na yau da kullum maikuron 35 ne kacal, wato kashi 35 cikin dubu na milimita ɗaya. Idan ka kwantar da allon fuskarsa sama ka bar shi, abin da sinadarin ya ci yana taruwa a kan fuskar ya zama shamaki, sabon ruwa ba ya kaiwa ga ƙarfen, amma a gefen layuka yana ci gaba da ci a hankali. Shi ya sa ka ga sirara sun zaizaye alhali tsakiya bai gama ba. Maganin wannan motsi ne. Ka riƙa karkata robar hagu da dama ba tsayawa, ko ka kifa allon fuskarsa ƙasa a kan 'yan ƙananan robobi da za su ɗaga shi daga gindi, domin lakar ta riƙa faɗuwa da kanta, ko ka riƙa shafar fuskar a hankali da soso mai laushi da safar hannu. Ni da motsi kaɗai, da sabon ruwa, nakan gama allo cikin kimanin kwata ɗin awa ba tare da na tafasa ko kofi ɗaya ba.

Sannan ka lura da gajiyar ruwan. Allo mai santimita 10 a tsawo da 10 a faɗi yana ɗauke da kusan giram 3 na jan ƙarfe a fuska ɗaya, kuma duk abin da ruwan ya ci a cikinsa yake zama. Sabo yana da launin ja-ja mai haske idan ka ɗaga shi, wanda ya gaji kuma yana komawa kore mai duhu da kauri. Idan ya kai haka, zafi ba zai dawo masa da ƙarfi ba. Ka riƙa raba jarka biyu, ɗaya ta sabo, ɗaya ta wanda aka yi aiki da shi, kada ka mayar da tsoho cikin sabo. Kuma wajen zane, ka cike filayen da babu layi da jan ƙarfen layin ƙasa maimakon ka bar su fayau, ruwanka zai daɗe ninkin ba ninkin.

Gargaɗi ɗaya nake son in ƙara, domin shawarar rufe murfi gam ta ferik kulorayid ce kawai. Wata rana za a iya ba ka farin gari mai kama da sukari, sodiyam ko amoniyam fasalfet, wanda ruwansa garau yake kuma yana komawa shuɗi yayin da yake cin jan ƙarfe. Shi wannan dole ne a ɗumama shi zuwa tsakanin digiri 40 da 50, in ba haka ba kusan ba ya aiki, kuma bayan an narka shi yana sakin iskar oksijin a hankali, ta yadda rufaffiyar gora za ta kumbura har ta fashe. Ana barin masa ƙaramar kafa a murfi, kuma ba ya daɗewa a ajiye. Haka ma haɗin asid ɗin haidurokulorik da ruwan haidurojin ferokzayid da wasu ke yi, ba a ɗumama shi sam, ba a kuma toshe shi, ni kuwa ba zan so ka taɓa shi a gidan haya ba.

Mai gyaran rediyo, Sabon Zango:

Injiniya ya faɗi gaskiya game da motsi, kuma da na tuna da shi da na sa shi a gaba. Inda zan tsaya a kan bakata shi ne layuka masu sirantaka, irin waɗanda ke bi tsakanin ƙafafun ƙananan na'urori. A nan duk mintin da allo ya ƙara a cikin ruwa ɓarna ce, kuma ɗumi tare da motsi ya fi motsi shi kaɗai. Ga mai manyan layuka irin na caja ko na amfilifaya, ranar Akra ta wadatar. Wasu suna saka hitar gilashi irin ta tankin kifin ado a cikin sinadarin kai tsaye. Ban so wannan ga mai koyo ba, domin wutar gida bolt 230 ce, ruwan kuma yana ɗaukar lantarki sosai, ƙaramar tsaga a gilashin ta isa ta yi kisa.

Ɗalibi daga Nima:

Baba, Malama, Injiniya, Allah Ya ƙara muku ilimi da lafiya. Tun ranar da na karanta amsar Malama na fitar da gorar daga ɗaki. Na samu jarka mai lamba 2, na cire faifan da ke cikin murfinta, na yi rubutun kamar yadda aka ce, kuma maigidan da muke haya a wurinsa ya ba ni wani ƙaramin kabad a bayan gida na sa masa kwaɗo. Na kuma gaya wa mahaifiyata da matan gidan batun manja da amai. Ruwan tukunyar ya sha kanwa fiye da yadda na zata, sai da na yi kwana biyu ina ƙarawa kafin kumfar ta tsaya, lakar tana bushewa a cikin kabad ɗin yanzu.

Jiya da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na haɗa sabon ruwa na gwada alluna biyu masu zane iri ɗaya. Na farko na yi shi da motsi kawai, ya gama a minti 17. Na biyu na ɗora robarsa a kan ruwan ɗumi ina motsawa, ya gama a minti 9, kuma da na duba su da gilashin ƙara girma, gefen siraran layukan na biyun ya fi fita sumul. Zan riƙa ɗumamawa idan zanen yana da sirara, sauran kuma in bar wa motsi. Filayar na goge ta da takardar yashi na shafa mata mai, ta dawo aiki, ƙarafan hujin ne dai ba su gyaru ba, sai ranar Asabar in sauka Zongo Lane in sayo wasu.